Tulun Kasham Ba Zai Fashe Sau Biyu Ba

Zuwa ga Babban Duba-gari na wannan gunduma tamu.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina aiki, yaya uwargida da yara? Yaya zafin bazarar nan da ya hana ko kadangare fitowa da tsakar rana? Mu ma muna nan, mun gode Ubangiji, ko da yake saura ƙiris da wannan gaisuwar ta zama ta makoki.

Sunana Saratu. Amma in ka tambayi Saratu a unguwarmu ta bayan layin dogo a nan Kafanchan, huɗu za a nuna maka. Ka ce Kakan Kasham mai citta, ko akuya za ta kawo ka ƙofata. Rubutun nan da hannuna na yi shi. A ajin yaƙi da jahilci na koya, ƙarƙashin mangwaron majami'a, da goyo a bayana. In ka ga baƙi ya karkace ka miƙe shi da kanka, kai ne mai ilimi. Hausar ma ba da ita aka haife ni ba, ta kasuwa ce da ta Littafi Mai Tsarki, amma ta ishe ni faɗa.

An ce mini ba ka kai ɗana na fari a shekaru ba. To ka zama jika ke nan, kuma ka san tsakanin kaka da jika ba a ɗaukar fushi. In magana ta yi zafi, ka hura ka sha, maigidana.

Sau biyu na zo ofishinka a makon nan. Ran Laraba masinja ya ce ka tafi rangadi Manchok. Ran Alhamis ya ce ka tafi Kagoma, alhali ga babur ɗinka a jingine a inuwa. Ban ce ƙarya ya yi ba, ƙila da ƙafa ka tafi. Shi ya sa na zauna na rubuta takarda huɗu, ɗaya ofishinka, ɗaya ƙofar kasuwa, ɗaya tashar mota, ɗaya kuma jarida in sun ga dama.

Maganar gajera ce. Ma'aikacinka ya ba ni takarda cewa in kawar da wani tulu daga ɗakina cikin kwana bakwai, in ba haka ba a kai ni kotu. Kwana bakwai za su cika ran Talata mai zuwa. Ba zan kawar ba. Ga dalilaina, ka bi su a hankali.

Na ɗaya. Kasham jikata ce, 'yar ɗana Yohanna da ya tafi yaƙi bai dawo ba. Uwarta ta sake aure can wajen Jere, ni na ce a bar mini yarinyar. Shekarunta goma sha uku, tana ajin ƙarshe a firamare. Damina biyu da suka wuce ta fara shan ruwa kamar kan jirgin ƙasa in ya tsaya a tasha. Tana ci kamar ƙato a gayya, tana ramewa kamar karan dawa. Fitsari kuwa, ba ta iya zama a gama sujada ba ta fita sau uku ba. Ni da bakina na yi ta yi mata tsiya, ina ce mata mai cikin rariya. Sai ranar da na ga kiyashi sun yi layi a inda ta tsuguna bayan ɗaki, kamar an zubar da zuma. Daga ranar tsiya ta mutu a bakina.

Mun sha jiƙo, mai bishara ya yi addu'a, wata ta ce sammu ne daga dangin uwa. Daga ƙarshe dai asibiti. Likita ya ce ciwon sukari ne, irin wanda ke kama yara, ba irin na masu ƙiba da ke zuwa tare da tsufa ba. Ga yadda na fahimci bayaninsa, in na kuskure kai ma'aikacin lafiya ne, ka gyara. Abin da mutum ya ci, jiki na mayar da shi sukari, jini ya ɗauko shi kamar yadda jirgi ke kawo kaya tasha. To akwai wata 'yar tsoka a bayan tumbi, aikinta ta turo 'yan dako su sauke kayan su kai gida-gida. A jikin Kasham 'yan dakon sun watse, kuma ba za su dawo ba har abada. Kaya na ta zuwa, tasha ta cika maƙil, gari kuwa na fama da yunwa. Sai jiki ya koma cin kansa, kitse da tsoka, sukarin da ya rasa mai sauke shi ya bi fitsari, ya janye ruwan jiki tare da shi. Allurar da suke kira insulin ita ce 'yan dakon haya. Kullum sai an kawo su. Ba warkewa ake yi ba, ranka ya daɗe, riƙo ne.

Ni da ko kaza ba na iya yankawa, a jikin lemo na koyi allura. Kowace safiya ina dafa sirinjin gilashi a 'yar tukunyar da ba a miya da ita, in zuƙo daidai layin da sistar asibiti ta nuna mini, in soka a cinya, yau dama gobe hagu. Har fitsarinta nake dafawa, da wani shuɗin ruwa a siririyar kwalba. In ya tsaya shuɗi, mun gode Allah. In ya yi kore, a lura. In ya koma ja kamar jar ƙasa, ranar babu dariya a gidan. Maƙwabta na cewa tsohuwa ta buɗe bokanci. Sannan ga sukari 'yan dunƙule uku a ƙulle a bakin zanenta, don wata rana allura kan fi abinci ƙarfi, sai gumi ya keto mata, jiki na rawa, tana magana kamar ta sha burkutu. Nan kuma sukarin da ke neman ranta shi ne zai cece ta. Ni ma ban gama ganewa ba. Bi nake.

Na biyu. Maganin nan ɗan gata ne, ba ya son rana, ba ya son zafi. In zafi ya dafa shi sai ya mutu a cikin kwalbarsa, ka soka shi kamar ka soka ruwan rijiya. Masu lantarki firiji suke sa shi. Ni lantarkina fitilar ƙwai ce. Sista ce da kanta ta koya mini dabara. A sami babban kasko a cika shi da yashin rafi, a dasa ƙaramin tulu a tsaka har wuya, a sa kwalbar a gwangwani mai murfi a cikin tulun, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma da faifai, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Ka sa hannu ciki ka ji, kamar gindin dutse da asuba. Cikin tulun babu ruwa. Ruwan, yashi ke shanye shi. Ban taɓa jin sauron da ya yi ƙwai a cikin yashi ba, sai dai ko na cikin littafinku.

Kada kuma ka ɗauka ni mai gaba da duba-gari ce. 'Ya'ya biyu na binne da zazzaɓi, na san aikin sauro fiye da wanda ya karanta shi. Tun zamanin En'e, kafin a canja mana kuɗi, a canja hannun tuƙi, a canja har sunan jiha, kowace Litinin nake wanke randa in share kwata domin Talata ce ranar zagayenku. Ka tambayi tsofaffin ma'aikatanka ko an taɓa rubuta sunana.

Na uku. Talata uku baya, da hantsi, ma'aikacinka ya shigo. Ba zan faɗi sunansa ba, don uwarsa muna zumuntar mata tare, kuma matar kirki ce. Dogon nan dai, mai farar safa har gwiwa. Ya zo da ludayinsa da tocila. Ya leƙa randa, tas. Ya leƙa salga, a rufe. Ya bi kwata, ko ƙuda bai samu ba. Ban sani ba ko haushin rashin laifi ne ya sa ya ɗaga labulen ɗakina. Ya hango kasko a bayan ƙofa, gefensa na naso. Ya ce mene ne wannan. Na ce firijin talaka ne, maganin yarinya na ciki.

Ya yi dariya, ya ce, "Mama, maganin asibiti a tukunya? Wannan ai tsubbu ne. Doka ta ce duk mazubi mai ruwa a kife shi."

Na ce, "Ɗana, ga ludayi a hannunka. Sa shi. In ka ɗebo ruwa ko cikin cokali, ni zan kife da kaina."

Bai sa ba. Ya ce shi ya yi kwas, ba tsohuwa mai citta ce za ta koya masa aiki ba. Ya jawo kaskon har tsakar gida ina bin sa ina roƙo, ya sa takalmi ya tura. Tulu ya fashe, gwangwani ya buɗe, kwalba ta faɗa kan dutsen niƙa. Kwalbar ba ta kai babban yatsana ba, ƙarar ma ba ta da yawa. Ina tsaye ƙasa ta shanye abin da zai riƙe ran jikata har ƙarshen wata.

A takardarsa ya rubuta wai na hana ma'aikaci aiki, har na kai masa duka. Tuwon acca nake tuƙawa lokacin da ya shigo, muciya na hannuna. Muciya kuwa ka san halinta, in tsohuwa ta razana ba ta sanin inda za ta sauka. Sau ɗaya ne, a kafaɗa, kuma na ji labari tuwon ya fita da wanki ɗaya. Na roƙi Ubangiji gafara a kan wannan. Dogon dai ban roƙe shi ba tukuna.

Na huɗu. Wannan shi ne wanda nake so ka karanta a zaune. Na kwashe fasassun gilashin a bakin zane na ruga asibiti. Sista ta buɗe kabad a gabana. Wadda aka ba mu ita ce ta ƙarshe, sabon kaya bai iso ba, kuma ba abin da ake samu a kasuwa ba ne kamar maganin ciwon kai. Sai Jos. Maƙwabciyata Hajiya Asabe mai man gyaɗa, wadda katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin, ita ta kira ƙanenta Malam Sule direban babbar mota. Laraba yake hawa Jos da doya, Alhamis ya sauko. Likita ya rubuta masa takarda.

Laraba ta waye babu allura. Na rage mata abinci sai ganye, amma kafin azahar ƙishirwar nan ta dawo, harshenta ya bushe kamar fatar jima. Alhamis da safe sai amai da ciwon ciki. Idanu suka faɗa. Numfashi ya koma kamar zugazugin maƙeri, daga nesa kana ji, bakinta na warin mangwaron da ya nuna ya wuce. Ina kiran ta tana kallon bango. Na goya ta, yarinya 'yar shekara goma sha uku, ƙafafunta na jan ƙasa, Hajiya na tallafe da kanta, har asibiti.

Aka sa mata ƙarin ruwa. Likita ya ce jiki ne ke ƙona kitsensa babu ƙaƙƙautawa, dattin ƙonawar ya taru, jini ya yi tsami. Ya ce ruwan nan jinkiri kawai zai saya mana. In mota ba ta iso ba yau, to mu shirya zuciya. Ni da Hajiya muka zauna a baranda, ita da carbi, ni da littafin waƙoƙi a rufe a cinya, kowa na ƙwanƙwasa ƙofar da ya sani. Duk ƙarar mota sai mu miƙe tare, mu koma mu zauna tare.

Bayan la'asar Malam Sule ya iso, ko rumfar kaya bai tsaya ba. Ya naɗe kwalaben a jiƙaƙƙen tsumma ya cusa a cikin gora, ya ce duk rafin da ya tarar a gangaren dutse sai ya tsaya ya sake jiƙawa, domin an gaya masa abin ba ya son zafi. Sau ɗaya aka gaya masa, ranka ya daɗe. Direba ne, bai yi kwas ba.

Ran Juma'a Kasham ta buɗe ido. Ta dube ni ta ce, "Kaka, kuka kika yi?" Na ce hayaƙi ne. Ta ce, "Asibiti ai babu murhu." Nan na san 'yar banzar ta dawo. Kwana tara muka yi. Har yau allo na yi mata hazo, sai malaminsu ya dawo da ita bencin gaba. Likita ya ce yana sa ran zai washe. Sa rai ya ce, bai ce tabbas ba.

Na biyar. Ƙila ka ce, to ai ta tashi, mene ne na dogon rubutu? Bari in kai ka bencin asibiti ranar masu sukari, inda muke haɗuwa kowane wata. Akwai wani tela. Ya taka allurar ɗinki bai ji ba, don tafin ƙafarsa ya daɗe da mutuwa. Ya yi ta yawo da ita, wurin ya zama gyambo, gyambo ya ƙi warkewa, yanzu daga gwiwa babu. Telan da ke taka keke, ka gane ai. Akwai malamin makaranta da ganinsa ke tafiya kaɗan-kaɗan, bara da kansa yake zuwa, bana matarsa ke riƙe masa hannu. Akwai wata mata da fuska da ƙafafu suka kumbura, aka ce ƙoda ce ta gaji. Wata biyu ke nan ba ta zo ba, kuma babu wanda ya tambaya da ƙarfi.

Likita ya ce haka sukari yake in ya daɗe da yawa a jini, yana cin ƙananan jijiyoyi a ɓoye kamar yadda gara ke cin azara, na ido, na ƙoda, na ƙafa. Daga waje ɗaki lafiya lau, sai ran da ya rufta. Ya ce maganin da zafi ya raunana shi ma hanyar can ce, ko yarinya ba ta faɗi ba. Ka ga ke nan ba sai an fasa kwalba ba. In na bi takardar ma'aikacinka na ajiye kwalbar a kan tebur, ƙarƙashin kwanon rufi, a wannan bazara, na fasa ta ke nan a hankali. Kowace yamma ina duba tafin ƙafar Kasham da tsakanin yatsunta kamar mai sayen akuya, tana shure ni tana cewa ina mata cakulkuli. Ba ta fita ko bakin ƙofa babu takalmi. Duk wannan wahala domin ta kai girma da idonta biyu da ƙafarta biyu. Ba zan yi wannan duka ba, sannan in miƙa tulu don takarda.

Na shida. Da muka dawo gida na sayi sabon tulu, Hajiya ta ba ni kasko, na ɗebo yashi da kaina. Talatar da ta wuce dogon ya dawo. Wannan karon daga bakin ƙofa ya tsaya, ya auna tsawon muciya da ido. Na nuna masa takardar da likita ya rubuta da Turanci, har da hatimi. Ya karanta, ya ce likita a asibiti yake mulki, tsakar gida kuwa tasu ce. Na ce ko ka ji yarinyar ta kusa mutuwa? Ya sunkuyar da kai, na ga ya ji. Amma ya ce ya riga ya kai rahoto ofis cewa gidan nan na da mazubin sauro, in ya janye za a ce aikinsa na farko kuskure ne. Sai ya rubuta kwana bakwai. Ka ji fa. Ba sauro yake tsoro ba yanzu, kai yake tsoro. Shi ya sa maganar ta zama taka.

Ga abin da nake nema.

Ka janye takardar nan kafin Talata, da sa hannunka, don kada wani mai safa ya sake fitowa da ita bayan an yi maka canjin wurin aiki.

Ka zo da kanka ka gani, gani ya kori ji. Ka zo da ludayi. In ka sami tsutsar sauro ko ɗaya a kaskon nan, ka ɗora mini shi a kai in zagaya kasuwa da shi.

Ka tara ma'aikatanka, ka kira sista ta nuna musu irin wannan tulu da abin da ke cikinsa. Ba ni kaɗai ke da shi ba. Telan nan yana da shi, wasu a ƙauyuka suna da shi, kuma yawancinsu ba su iya rubutu ba, ba su da bakina. In an kife nasu shiru za su yi su haƙa kabari.

In kuma dokarku ta rantse ba ta son tulu ko ta halin ƙaƙa, to na ji ƙishin-ƙishin akwai firiji mai kananzir a ofishinka, yana sanyaya lemon kwalba. Ka aiko mini da shi, ni kuma in aika maka da kaskon. Lemo ma yana sanyi a ciki, na gwada.

Dogon kuwa, ban ce a kore shi ba. Yana da mata da ƙaramin goyo, uwarsa kuma ba za ta iya haɗa ido da ni a majami'a ba tun da abin ya faru. Ka dai kai shi bencin asibiti ya zauna wuni ɗaya. Ya isa kwas.

In kuwa kotun ka zaɓa, bismilla. Na wanke zanen zumunta, na goge ɗankwali. Zan faɗa wa alƙali abin da na faɗa maka, ba ragi, har da muciya. In ya ce a rufe ni, ni ba yarinya ba ce, na kwana a wuraren da suka fi gidan yari sauro. Amma ka sani, yarinyar nan ba ta da uba, uwarta na nesa, Hajiya kuma jini kaɗan ta gani sai ta suma. Ranar da aka rufe ni, ƙarfe shida na safe za a kawo maka Kasham har gida, kai za ka soka. Kuma a ranar za ka tambayi kanka inda za ka ajiye kwalbar.

Ina roƙon Ubangiji ya ƙara maka girma da lafiya, ya ba ka kunnen da ke jin talaka ko da Hausarsa ta karkace. Ya raya maka 'ya'yanka, ya tsare su daga ciwon da ba ya hutun Lahadi. Ya sa ka gama aiki lafiya ka ci fanshonka da haƙoranka. Amin.

Ran Talata ba zan je kasuwa ba, ina gida. Ba sai an yi sallama sau biyu ba. Tulun yana bayan ƙofa ta hannun dama, ni kuma ina zaune a gabansa.

Wassalam.

Ni ce kakarka,
Saratu, Kakan Kasham,
bayan layin dogo, Kafanchan.